Ramin da Aka Yi wa Rufin Kara

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a wani ƙauye can gefen Lahodu, ƙasar Wurno. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna sallah tare da mu, kuma ba su suka aikata ba.

Sana'arsa haƙar farin dutsen nan da masu siminti ke saye. Ya hangi dutsen a gonar wata mata mai suna Kaltume, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da wannan gona tilo. A gaban mai gari da Maccido, ƙanen mamacin, ya ari gefen gonar. Ya ɗauki alkawari cewa in dutse ya ƙare zai cike ramin da ƙasa, ya daddaɓe, ya mayar da gona yadda ya same ta.

Ya haƙa rami mai zurfin rijiya, ya ci arzikinsa har ya ajiye tumbi. Ƙasar da ya fitar, wadda da ita za a cike ramin, ita ma bai bar ta ba. Ya sayar wa masu gini, amalanke bayan amalanke. Ranar da dutse ya ƙare, babu abin cikewa.

To me ya yi? Ku gafarce ni, zan faɗi ƙazanta a wuri mai tsarki. Ya je ya shirya da masu yashe masai da masu share kwatar mahauta, suna biyansa suna juye kayansu a ramin. Kashi, jini, tumbin dabba, har mushen jaki. A gonar marayu! Wurin da za a shuka abin da za su sa a baki!

Duk da haka rami bai kai rabi ba. Sai ya gicciya rassan dogon yaro a bakinsa, ya shimfiɗa karan gero da tsofaffin buhuna, ya baza ƙasa da taki a kai. Sannan ya kira mai gari da Maccido.

Ya ce, "Wallahi na cike shi har baki. Ku taka ku jiya."

Suka taka. Rani ne, itace ɗanye ne, bai motsa ba. Kaltume ta aiko da godiya, ta ce Allah shi saka mashi da alheri. Kun san abin da ya fi tayar min da zuciya? Ya shafa fuska ya ce amin.

Ruwa ya sauka. Kaltume da yaranta suka shuka gero da wake a wurin, suna duƙe suna noma, ba su san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu ba. Shi ya sani. Yakan wuce a kan babur ya ɗaga musu hannu ya ce sannunku da aiki. Wane irin ɗan Adam ne wannan? Ya ga marayu a kan bakin rami, ya tafi gida ya ci tuwo ya ƙoshi?

A ƙasa kuwa gara tana cin itacen, laima tana ruɓar da karan. Wurin ya fara lotsawa, manyan ƙudaje suka yi masa caa. Kaltume ta je wa Maccido.

Ta ce, "Maccido, mi ka kawo warin ga cikin gona? Ni na hana ɗiyana zuwa wurin."

Maccido ya kai ƙara wurin mai gari. Bayan sallar Juma'a mai gari ya tara jama'a, aka ɗunguma gona da mutumin. Ya 'yan uwa, nan Allah ya buɗe masa ƙofar tuba. Da ya ce na yi kuskure, da kunyar yini ɗaya ce. Sai ya tamke fuska.

Ya ce, "Ni za a yi ma sharri? Ku kauce ku gani!"

Ya shiga tsakiyar geron da farar rigarsa ta Juma'a. Ya buga ƙafa. Ya sake bugawa yana kallon mutane. Ya yi tsalle, sai ƙasa ta buɗe ta haɗiye shi.

Warin da ya taso ya tarwatsa taron. Dattawa suka toshe hanci da rawani, wasu suka duƙa suna amai. Ga shi can ƙasa, ya nutse har ƙirji, tsutsotsi suna bin wuyansa, karyayyen reshe ya soke shi a cinya. Yana ihu a cece shi, kowa yana ja da baya. Da ƙyar Mode mai haƙar rijiya ya ɗaura igiya ya sauka, don Allah kawai.

Ƙazanta ta shiga raunin, ƙafa ta ruɓe, a Sakkwato aka yanke ta. Abin da ya tara duk ya tafi a jinya. Mutanen gari suka yi gayya da jakai suka cike ramin da ƙasa ta gaskiya, amma geron marayu na wannan shekara ya tafi. Shi kuma yana zaune a ƙofar gida, yara sun sa masa sunan da ba zan iya faɗa a masallaci ba.

Ya 'yan uwa, wanda ya ci arzikin ƙasa, wajibi ne ya gyara abin da ya ɓata. Wanda ya haƙa, ya cike. Wanda ya rantse, ya tuna da Wanda ya rantse da sunansa. Kai da ka bar rami buɗe a hanyar dabbobi, kai da ka rufe ha'incinka da 'yar ƙasa kana murna ba a gani ba, wa kake yaudara? Mai gari ya taka bai gane ba. Allah yana kallo tun reshen farko.

Ya Allah, ka tsare mu daga cin amanar marayu da rantsuwar ƙarya. Ka ba mu ikon gyara abin da muka ɓata tun ƙafafunmu suna ɗauke da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.