Gayyar da Ba Wanda Ya Je

A wani ƙauye an yi wani manomi, ana ce da shi Dogara. Wata shekara da rani, maƙwabcinsa Habila ya sa wa daji wuta don farautar gafiya. Iska ta juya, wutar ta cinye rumbun Dogara ƙurmus. Aka kai magana gaban alƙali. Alƙali ya saurari shaidu, ya ce Habila bai yi da nufi ba, amma ganganci ma laifi ne. Ya yanke masa shekara biyu a gidan yari.

Habila ya cika kwanakinsa cif, aka sake shi a farkon damina. Ya tarar gonarsa ta zama daji, 'ya'yansa duk sun rame. Hannu ɗaya ba zai gyara ta kafin lokacin shuka ya wuce ba, sai ya kira gayya, matarsa ta dama kunu tulu biyu.

To, al'adar garin ita ce, ba a zuwa gayyar mai laifi sai wanda aka yi wa laifin ya fara saɓa fartanyarsa. Ran gayya mutane suka fito, suka tsaya suna kallon ƙofar Dogara. Gogan naka kuwa ya shimfiɗa tabarma, ya zauna abinsa. Har yanzu ƙaurin dawarsa bai bar hancinsa ba, zuciyarsa kuma ba ta huce ba.

Matarsa ta ce, "Maigida, kai ake jira."

Ya ce, "Su yi ta jira. Shekara biyu har wani hukunci ne?"

Ta ce, "Alƙali dai ya faɗi ranar da nasa zai ƙare. Naka fa, yaushe zai ƙare?"

Dogara ya ci gaba da zamansa a kan tabarma. Rana ta take, mutane suka watse, kunu ya yi tsami.

Kwana huɗu tambayar nan tana cin Dogara. A na biyar ya saɓa fartanya, ya nufi gidan Habila. Ina! Ya iske an toshe ƙofa da ƙaya. Habila ya kwashe iyalinsa, ba wanda ya san inda suka nufa.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Alƙali shi ne hukuma, wadda Allah ya ba aikin hukunta laifi, hukuncinta kuwa yana da iyaka. Habila shi ne duk wanda ya fito daga kurkuku, ya dawo ya zauna a bencin baya na coci, kowa yana matsawa. Dogara kuwa mu ne. An cuce mu, gaskiya ne, amma ba mu aka ba kujerar shari'a ba. Ubangiji ya yafe mana, bai sa mu jira ba. Dogara ma ya yafe, sai dai ya makara da kwana huɗu. Gonar nan tana gefen tasa, ciyawa ta fi tsawon mutum, ta nan yake wucewa kowace safiya.