Igiyar da Aka Ɗaure wa Gungume

An taɓa yin wani mutum mai haƙa rijiya. Ba zan faɗi sunansa ba, ya 'yan'uwa, don har yau yana raye. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, ga kuma idon gane inda ruwa yake.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: ba a shiga rami sai da mutum a baki riƙe da igiya. In na ƙasa ya ja ta sau ɗaya, a ɗaga bokitin ƙasa. In ya ja sau uku, ransa ne, a fito da shi.

Shekara goma sha tara wansa ne ke riƙe masa. Kullum kafin ƙanin ya sauka, sai wan ya dafa kafaɗarsa ya roƙi Ubangiji, mai tsamo mutum daga rami mai laka ya kafa ƙafafunsa a kan dutse.

To, yabo ya yi yawa, kai ya kumbura. Ya fara cewa, "Yaya, addu'ar nan taka ta fi igiyar tsawo." Mutane su yi dariya, wan ya yi murmushin yaƙe. Ƙanin ya daina zuwa sujada. Da matarsa ta yi magana, ya ce, "Rami nawa na shiga? Wa ya fito da ni in ba damtsena ba?" Ta gaji da tsawa, ta koma wajen 'yarsu.

Ran nan ya dubi wansa a gaban jama'a ya ce, "Je ka huta. Aikin naka ko gungume zai iya." Kuma haka ya yi. Ya gitta gungume a bakin rami, ya ɗaure igiya, shi ke sauka, shi ke hawowa da ƙasa.

Sai ya sami aiki a bayan wani gida da ba a gama ginawa ba, mai gidan ya yi tafiya. Ya kai gaba goma sha biyu, da tsakar rana bangon ramin ya zube. Laka ta kama shi har ƙugu. Ya ɗaga kai, sama ta zama kamar bakin kofi. Ya yi kira har murya ta dushe. Wa zai ji?

Kwana biyu yana ciki. Wan nan da ya kora, shi ne ya ga ƙofarsa a kulle ya shiga nema. An fito da shi da rai, amma ƙafafun sun mutu.

Na je ganinsa. Ɗaki ɗaya, diga da shebur sun yi tsatsa a bayan ƙofa, igiyar tana rataye a ƙusa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Ya ce, "Fasto, na ja sau uku. Na san gungume ne a sama, amma hannuna ya ja."

Na ce, "Ka kira Ubangiji?"

Ya juya fuska bango. "Kunya ta hana ni."

Har gobe kunyar ce ke riƙe da shi. Kowace Lahadi wansa yakan kawo abinci ya ƙwanƙwasa, ƙanin bai taɓa ce masa ya shigo ba.

Ya 'yan'uwa, hannun da ya raba teku bai gajarce ba. Wanda ya rufe bakin zakoki bai tsufa ba. Ba ya barin bakin rami, mu ne muke kwance igiyarmu daga hannunsa mu ɗaure wa ƙarfinmu, ko suna, ko sana'a. Duk gungume ne. Zai riƙe ka muddin kana iya hawa da kanka, ranar da ka kasa ba zai ja ka ba. Kai da ke zaune nan, wa ke riƙe da taka?

Ubangiji ya kiyaye mu daga girman kai, ya kuma ba bawan nan nasa bakin kira tun da sauran numfashi. Cikin sunan Yesu, amin.