Babban Jirgin Rosdi

Akwai wani ɗan kasuwa a garinmu Marang, Rosdi ake ce masa. Allah ya buɗa masa a harkar busasshen kifi, sai ya ce shi ma dole ya mallaki jirgin ruwa na shaƙatawa.

Ya ɗauki surukinsa Baba Deraman, tsohon masunci, suka je wurin dillali. Jirage biyu suka tarar: ƙarami mai inji ɗaya, da wani shirgege mai inji biyu, har da ɗaki da firji.

Tsohon ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin babban, ya girgiza kai.

"Ɗauki ƙaramin, ɗana. Wannan cikinsa ya yi zurfi. Ruwan tsibiranmu in ya janye, iya gwiwa yake tsayawa. Zama zai yi a kan yashi."

Rosdi ya tuntsire da dariya. "Haba Baba! In shiga wannan bahon wanki abokaina su gan ni? Ai ba kamun kifi za ni ba."

"To, teku dai ba ta san abokanka ba."

Gogan naku ko a jikinsa. Ya zube ringgit ɗinsa, kuɗin ƙasarmu ke nan, ya sa aka rubuta sunan 'yarsa tilo a jikin jirgin: Nurin.

Bayan sallah ya kwashi matarsa Salmiah da Nurin mai shekara bakwai zuwa wani ɗan tsibirin da babu kowa. Tsohon ya ce su juyo kafin azahar. Ina! Rosdi ya kai jirgin dab da gaɓa don hoto ya yi kyau, suka baje shinkafa da kifi, ruwa yana ta janyewa ba wanda ya kula.

Sai ihun Nurin daga cikin ruwa. Obor-obor, halittar ruwan nan mai mugun dafi, ta nannaɗe mata ƙafa. Kafin a fito da ita numfashinta ya fara sarƙewa.

Rosdi ya sungume ta zuwa jirgi, ya tada inji biyun. Suka yi ruri, laka ta tashi, jirgi ko gezau. Ya zauna daram a kan yashi.

"Ka tura mana! Ka tura!" in ji Salmiah cikin kuka.

Ya dira cikin ruwa ya sa kafaɗa har ta sale. Wa zai iya tura gida?

Salmiah ta kira mahaifinta a waya. Sai bayan minti arba'in ya iso a tsohon kwalekwalensa, ya ratsa ruwan iya gwiwan nan har gabansu, ya kwashe su suka juyo. Suna hango fitilar motar asibiti a gaɓar Marang yarinyar ta cika a cinyar kakanta.

Wallahi har yau in na tuna, zuciyata ƙuna take.

Ranar sadakar uku Rosdi ya zube gaban tsohon. "Baba, ka zage ni. Ka ce ai ka faɗa mini."

Tsohon ya dube shi ya ce:

"In na faɗa, za ta dawo ne?"

Jirgin yana nan ɗaure a matsayar jiragen ruwa, ya yi gansakuka. Rosdi ya kasa hawansa, ya kasa sayarwa, saboda sunan da ke jikinsa.

Darasi: Ajali na Allah ne, amma kada ka zaɓi abu don idon mutane ka watsar da maganar wanda ya san ruwan. Ku tura wa wani, ko Allah zai sa ya ji tun da sauran lokaci.