Ƙarfe Ɗaya da Manomi Ya Hana a Canja

Akwai wani manomi, yana da tsohuwar tarakta wadda mahaifinsa ya bar masa. Ta girmi 'ya'yansa duka. Da ita yake huɗar gonar da ke ciyar da gidansa, ba shi da shanu, ba shi da wata madogara sai ita. Mutumin nan ba mugu ba ne, amma ba ya yarda da kowa. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa.

Ana nan, damina ta gabato, sai injin ya soma wata ƙara daga can ciki, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya aika aka kira wani bakanike mai suna Habila, wanda ya tsufa a gyaran taraktoci. Habila ya tsiyaye baƙin mai, ya murza shi a yatsunsa, ya ga garin ƙarfe yana ƙyalli. Ya ce, "Baba, metal sun cinye. Sai an sauke inji." Metal kuwa su ne ƙananan ƙarafa lanƙwasassu waɗanda babban sandan inji yake juyawa a kansu.

Manomin ya ce a ransa, "To, an fara." Ya ɗauko kujera ya dasa a bakin aikin. Ko aljihu Habila ya taɓa, idonsa na kai.

Habila ya ciro metal ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan buhu. Duk sun goge har jan ƙarfen ciki ya fito, sai guda ɗaya da yake sumul, yana sheƙi. Manomin ya ɗauke shi, ya jinjina shi a hannu, ya jinjina sabon da aka kawo.

Ya ce, "Wannan fa?"

Habila ya ce, "Shi ma ya tafi, Baba. Na gwada shi da ma'auni. Abin da ya ragu a jikinsa bai kai kaurin gashi ba. Ido ba ya gani, amma inji zai ji."

"Ido ba ya gani sai naka, ko? Wannan ƙarfen dā ne, ba irin na yanzu ba. Na san halinku. In bar maka shi, gobe in same shi a injin wani."

"Baba, ka riƙe abinka, ka kai ɗaki ka kulle. Ba na so. Kada dai ya koma cikin injin nan."

Da mai hankali ne, da nan ya tsaya. Amma mai zargi ba ya rasa dalili. Sai ya ce a ransa, "Me ya sa ya saki da sauri haka? Akwai wata a ƙasa." Ya kafe sai an mayar da tsohon a gaban idonsa. Habila ya roƙe shi har sau uku, sa'an nan ya ce, "Taraktarka ce." Ya ɗaura, ya tafi da baƙin ciki.

Ruwan fari ya sauka. Kwana biyu tarakta tana aiki lafiya lau, manomin yana yi wa maƙwabta fahariya cewa shi ba a cutarsa. A rana ta uku, a tsakiyar gona, ƙarar ta dawo, hayaƙi ya tashi, injin ya tsaya cak. Tsohon ƙarfen ya narke, ya yayyage babban sandan, irinsa kuwa an daɗe da daina samu a kasuwa. Da Habila ya zo ya buɗe, kun san abin da mutumin nan ya fara tambaya? "Ka tabbata nawa ka mayar?" Sai Habila ya zaro ragowar tsohon ƙarfen ya sa masa a tafin hannu. A shekarar nan maƙwabta suka yi girbi, rabin gonarsa kuwa ciyawa ce ta cinye, 'ya'yansa suka sha yunwa.

Ma'anar wannan misali ita ce, injin zuciyarka ce, bakaniken kuwa Ubangiji ne. 'Yan'uwa, ba mu jin wuyar miƙa masa zunuban da suka riga suka tona mana asiri. Buguwa, faɗa, ashar, waɗannan kowa ya gani, sai mu ce, "Ɗauke su." Amma akwai ɗaya mai sheƙi wanda muke kira halin gidanmu, ko mutunci, ko wayo. Ƙullin da ka riƙe ɗan'uwanka da shi shekara goma, kana cewa ai gaskiyarka ce. In Ubangiji ya nuna shi, sai mu yi masa kallon ɓarawo, kamar yana so ya raba mu da abin kirki. Abin nan yana ba ni haushi, har a kaina. Me zai yi da tsohon ƙarfenka? Ranka yake so ya ceta, da na waɗanda suke ci daga hannunka. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Ba sai na faɗa maka naka ba. Tun da na fara magana kake tunaninsa, kana kuma shirya dalilin da zai sa a bar maka shi.