Ajin da Babu Na Ƙarshe

Ranar da ɗan hakimi ya zo na ƙarshe a aji huɗu, ko la'asar ba a yi ba aka kira Malama Tabawa fada. Ta durƙusa ta yi gaisuwa.

Hakimi ya ce, "Ni aikin da ake iya aunawa nake so. Zango mai zuwa kada yaro ko ɗaya ya zo na ƙarshe a ajinki. In ba haka ba, ki ajiye alli."

Ta ce, "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai a nuna mini yadda ake yi. Ku fito daga zauren nan da fadawanka, kada kowa ya zama na ƙarshe."

"Wannan ai wasa ne!"

Suka fito a jere. Tabawa ta nuna wani dogari. "Ga na ƙarshe."

Hakimi ya ce, "Kai, koma ciki!"

"To ga wani kuma."

"Kai ma koma!"

Haka ya yi ta korarsu har mai lema, ya rage shi kaɗai a rana yana gumi.

Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ka zo na ɗaya. Amma ba kowa a bayanka, kai ne kuma na ƙarshe."

Fadawa suka ƙunshe dariya. Hakimi ya share goshi. "To me za ki iya?"

"Zan sa ɗanka ya karanta maka shafi guda ba gargada. Wannan kam kunnenka zai auna."

"Na yarda, riƙe allinki. Ku kuma ku fito, ku kawo mini lemata!"