Injiniya Da Majinyatansa Uku

Ku yi mini afuwa, ya 'yan uwa. Ni ba malama ba ce, ko a aji sai an tambaye ni sau biyu kafin muryata ta fito. Ban taɓa rubuta labari ba sai yau. Abin ne ya ƙi barin raina.

An taɓa yin wani mutum da ya shiga digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta. A ofishinsu ana ce masa Injiniya, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Sun ba shi hutun karatu na shekara biyu, da alkawarin in ya dawo da takarda shi zai shugabanci sashen kwamfuta.

Sharuɗɗan digirin a rubuce suke, manne a ƙofar sashe. Ka ci kwasa-kwasanka. Ka gina manhaja da hannunka. Ka rubuta kundi a kanta, sannan ka tsaya gaban mai jarrabawa daga wata jami'a ka kare aikinka. Kowa ya karanta ya sunkuyar da kai ya kama aiki. Shi kuwa ya karanta ya taɓe baki.

A cikin kwasa-kwasan akwai na gwajin manhaja, inda ake koya maka ka nemi aibin aikinka kafin wani ya nemo maka. Wannan ya fi rainawa. Sai ya zauna a kujerar baya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa makullin mota. Da ƙyar ya tsallake, ya fito yana cewa, “Gwaji ai na wanda bai yarda da kansa ba ne.”

Ya zaɓi gina manhajar asibiti: a shigar da sunan majinyaci da shekarunsa da ciwonsa, ta faɗi maganin da ya dace da shi. Wata shida abin ya ƙi aiki. Ya je ya ce wa malamarsa ya kasa? Ina! Girman kai ya hana. Sai ya ƙirƙiri majinyata uku, ya rubuta amsar kowannensu ya dasa a ciki. A waje launi da maɓallai gwanin kyau, a ciki ba komai sai amsa uku da aka haddace. Duk sanda malamar ta ce ya kawo ta gwada, sai ya rungume kwamfutarsa ya ce, “Ranki ya daɗe, kar ki wahala, bari in nuna miki.”

Tun kafin ranar kariya ya buga katin ofis da haruffan digirin a bayan sunansa. Ya sa matarsa ta ɗinka kayan bikin yaye ɗalibai. Ya kira mahaifiyarsa ya ce ta fara karɓar barka.

Ranar ta zo. Ɗaki ya cika, fanka tana juyawa, majigi ya haska bango. Injiniya ya shigar da majinyatansa uku, amsa tana fitowa tsaf. Har ya fara naɗe waya.

Mai jarrabawar wani tsohon farfesa ne mai furfura. Sai ya miƙe ya ce, “Ɗana, matsa mini in zauna.” Da yatsa ɗaya ya rubuta sunansa, shekara sittin da takwas, ciwon gwiwa. Amsa ta fito a bango, kowa yana gani: tana da juna biyu, wata bakwai, a ba ta maganin ƙarin jini.

Tsohon ya gyara tabarau ya ce, “Ikon Allah. Ga shi ko uwargida ban faɗa wa ba.”

Ɗaki ya fashe da dariya. Shi tsohon bai yi ba. Ya danna haruffa barkatai, ya sa shekara ɗari uku. Nan ma juna biyu, wata bakwai. Ya ce, “Buɗe mana cikinta.” Aka buɗe. Layi kaɗan ne, ko ɗan aji ɗaya zai gane: duk sunan da ba ta sani ba, amsar ɗaya daga cikin majinyatan nan uku take ba shi.

Jami'a ta kore shi, ta rubuta wa ofishinsu dalili. Kujerar da yake hange aka ba wata da ya saba aikenta gyaran firinta, shi kuma aka sallame shi. Mahaifiyarsa ta daina fita unguwa, don mutane ba su daina yi mata barka ba.

Ya 'yan uwa, kada ku tsaya a dariyar. Da tsohon nan bai tashi daga kujerarsa ba fa? Da wata rana ma'aikaciyar jinya ta shigar da sunan mahaifinka, ta yarda da abin da ta gani, ta miƙa masa magani. Wanda ya yi wannan ba wayo ya yi ba, amana ya ci. Sharaɗin da ya raina don kare mutane aka sa shi, kuma “na kasa” kalma biyu ce kacal, da ta ishe shi.

Allah ya tsare mu da girman kai, ya kiyaye mu da takardar da ba mu cancanta ba. Amin.

Na ji ana jan kujeru, an kusa tashi daga lacca. Bari in manna wannan a allon sanarwa in bi ta matakalar baya.