Rumbu a Kan Tudu

Akwai wani manomi da yake zaune shi kaɗai a kan tudu, can bayan gari. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma sun watse cikin birane. In ya dawo daga gona, ba mai yi masa sannu da zuwa. Amma Ubangiji ya sa wa gonarsa albarka, har dawa da gero suka yi masa yawa.

Sai ya ce a ransa, "Me zan yi da wannan duka, ni da baki ɗaya? Zan gina rumbu domin masu jin yunwa." Ya kuwa gina, ya cika shi, ya sa aka yi shela a kasuwa cewa duk wanda gidansa ba abinci ya hau tudu ya ɗiba, ba kuɗi, ba bashi.

Kowace safiya yakan share ƙofar gida, ya shimfiɗa tabarma, ya cika randa da ruwa saboda baƙi, ya zauna yana duban hanya. Rana ta take, rana ta faɗi, ba wanda ya hau. A shekarar nan damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada ƙwarai, duk da haka ba wanda ya zo. Ƙwari suka fara shiga dawar. Mutumin yakan naɗe tabarmarsa da yamma, ya ce, "Ko dai garin nan ba mayunwaci, ko kuwa ni ne ba a so."

Wata rana da safe ya hangi wani masaƙi yana fita gari da matarsa da 'ya'yansa, kowa da ƙunshi a ka. Ƙaramar 'yar ba ta iya tafiya, uban ne ya saɓa ta a kafaɗa. Manomin ya gangaro ya tare su.

Ya ce, "Ina zuwa haka da iyali?"

Masaƙin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, yunwa ce ta kore mu. Mun sayar da akuya, mun sayar da gidan."

Manomin ya ce, "Yunwa? Ga rumbu can a cike! Ba ka ji shela ba?"

Ya ce, "Na ji, Baba. Amma hanyar tudun nan ta gaban kasuwa ta bi. Duk wanda ya hau da buhu, gari duka ya san abin da ke cikin ɗakinsa. Na sha fitowa, in na kai bakin kasuwa sai ƙafata ta ƙi."

Manomin ya roƙe su su tsaya, amma gidan ya riga ya zama na wani. Ya ɗora musu hatsin da za su iya ɗauka, suka yi godiya, suka wuce. Ya tsaya yana kallonsu har suka ɓace. Ya koma ya zauna a gindin rumbunsa, ya yi kuka, bai sa kome a bakinsa ba ranar.

Kashegari ya gangara gari, ya yi sallama a gidan wata tsohuwar ungozoma, wadda ba gidan da ba ta shiga. Ya ce, "Inna, ina da hatsi, amma ban san ƙofar kowa ba."

Ta ce, "Ni kuwa na san gidajen da ba a ɗora tukunya. Na daɗe ina gani, hannuna ne ba kome. Sai dai bayana ba ya ɗaukar kaya."

Suka tafi wurin wani mai jaki da yake kai wa gidaje itace. Mai jakin ya ce, "A sa buhu a ƙarƙashin itacen. Wa zai tambayi abin da jaki ya ɗauko?" Wata mai niƙa ta ji labari, ta ce za ta niƙa wa tsofaffin da ba su da ƙarfin daka. Wata mai daddawa ta ce, "Tuwo ba ya tafiya ba miya," ta riƙa ƙara daddawa da kuka. Da rumbun ya fara yin ƙasa, waɗansu manoma suka kawo nasu, suka zuba a ciki.

Haka abinci ya riƙa shiga gidaje a asirce. Yawancin waɗanda suka ci ba su san daga ina ya fito ba, ba kuwa wanda ya hau tudu ya gode wa manomin. Shi kaɗai yake cin tuwonsa kamar dā. Amma da yamma, in ya dubi gari, sai ya ga hayaƙi yana tashi daga gidajen da suka daɗe ba a hura wuta.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin shi ne duk wanda Allah ya ba shi abin bayarwa, rumbun kuma shi ne ɗakin da muke tara hatsi a ikkilisiya domin mabukata. Zuciyar manomin mai kyau ce, amma kyakkyawar zuciya ita kaɗai ba ta kai abinci bakin kowa ba. Allah bai ba mutum ɗaya kome da kome ba. Wani ya ba shi hatsi, wani ƙafa, wata kuma sanin gidajen mutane, domin mu nemi juna.

'Yan'uwa, kada mu ce, "Mun yi sanarwa, ba wanda ya zo." Mai yunwa yana da mutunci, sau da yawa ya gwammace ya kwana da ita da a gan shi da buhu. Kada kuma ka ce, "Ni ba ni da hatsi." Kana da keke, kina da dutsen niƙa, kin san maƙwabciyar da 'ya'yanta suka daina fitowa wasa. Ku kawo wannan, a haɗa. A cikinmu yau akwai wanda ya riga ya fara ɗaure kayansa. Mu isa ƙofarsa tun bai kama hanya ba.